Ladanin da Ba Ya Shiga ta Taga

Duk wanda ya taɓa kai wa marigayi Ladan Haruna kwamfuta gyara a Talata Mafara ya san tambayarsa ta farko. Bai damu da abin da ya lalace ba. Sai ya zamo da tabarau zuwa kan hanci, ya dube ka ta sama, ya ce, "Akwai Taga ciki?" In ka ce akwai, sai ya ja dogon tsaki, ya karɓe ta da yatsu biyu kamar ka miƙa masa mushen kaza.

Ga waɗanda ba su zauna shagonsa ba, Taga ita ce manhajar nan ta Windos da ke cikin kwamfutar kowa. Shi ya fassara sunan da kansa, kuma bai sake kiranta da wani suna ba har ya koma ga Allah. Tasa manhajar Linuks ake ce mata, wadda a cewarsa duk makullanta a hannun mai ita suke. "Gidana na," in ji shi, "don mi za ni shiga ta taga?"

Ni ne Mamman mahauci, taubashinsa. Babarsa da babana ciki ɗaya suke, don haka tun muna yara nake kiransa bawana, shi ma yake kirana bawansa, ba wanda ya taɓa sallama wa wani. Ban iya kwamfuta ba, kun sani, amma shekarun da na yi ina cin tuwon matarsa Kulu sun sa kunnena ya sha karatun dole.

Abu biyu Haruna ya riƙe a duniya. Na farko lasifikar masallacin unguwarmu, wadda ya fara kiran salla da ita tun kafin a haifi ɗiyata ta fari. Kun tuna yadda yake yi, sai ya ƙwanƙwasa ta da farce sau biyu, ya yi gyaran murya, sannan ya fara. Matan unguwa da wannan ƙwanƙwasar suke sauke tukunya. Na biyu kuwa wata tsohuwar kwamfuta ce da ya harhaɗa daga gawarwakin kwamfutocin mutane, gefenta ɗaya ma murfin tire ne. Ta biyun ce ta kusa raba shi da ta farkon, amma bari in bi da ku a hankali.

Akwai wani hedimasta daga Garbadu da ya kawo masa ƙaramar kwamfutarsa, harafi ɗaya ne ya maƙale. Ya dawo bayan kwana biyu ya buɗe, ya ga komai ya sauya kamanni.

"Ladan, mi kay yi mata?"

"Na gyara harahin."

"Tau, sauran hwa?"

"Nig ga taga buɗe, nit toshe maka. Kyauta ta, ba sai ka gode ba."

Hedimasta ya yi wata guda ba ya gaishe shi.

To, sai jaraba ta same shi da girma, wai wasannin kwamfuta. Ba wasan yake so ba, ku fahimce ni. An gaya masa ne cewa manyan wasannin nan don Taga kaɗai aka yi su, ba sa tashi a Linuks. Wannan kalmar ta "ba sa tashi" ita ta hana shi sakat. Ya ce mini wasannin da Taganci suke magana, tasa kwamfutar kuma ba ta jin Taganci, amma akwai wata manhaja da ke tsayawa a tsakani ta yi musu tafinta. Shi ke nan ya duƙufa. Sai ya yi mako biyu a gaban wani baƙin allo yana buga haruffa, allon yana mayar masa da jan rubutu, shi kuma yana yi wa allon faɗa kamar ɗan da ya haifa. Ran da wasan ya buɗe, kiɗa ya tashi, hoto ya fito, sai ya ɗaga hannu sama ya ce, "Ya tashi!" Ya rubuta sunan a wani littafi mai bangon fatar akuya. Sannan ya goge wasan.

Ran da na fara ganin haka sai da na ajiye lomar da ke hannuna.

"Bawana, ba ka bugawa?"

"In buga mi? Ni yaro na?"

"Tau wahalar mi kas sha?"

"Sun ce ba shi tashi. Ya tashi ko bai tashi ba?"

Wallahi har ya rasu ban taɓa ganin ya harbi ko sauro a cikin wasannin nan ba.

Ga shi da tsimi. Lokacin bazara kwamfutar kan ɗau zafi ta mutu da kanta, aka ce ya sayi fanka ta musamman, ya ce Allah Ya kiyaye. Ya ɗauko tsohuwar randar Kulu ya girke a gefenta, ya cika da ruwa, ya rufe da faifai, ya lulluɓe da jiƙaƙƙen buhu, ya sa ƙaramar fankar rediyo tana busa sanyin cikin na'urar. Ku riƙe randar nan a ranku.

Daga nan ya je Sakkwato ya dawo da wani abu na hannu da ake ɗaurawa a fuska, mutum ya ga kansa tsundum a cikin wasan, duk inda ya juya kai yana ciki. Igiyarsa ta tsinke, sai ya ɗaure da robar tayar keke. Kulu ta raɗa masa suna takunkumi, sunan kuma ya bi shi. Wannan ya fi ba shi wuya, kusan damina guda yana fama. Da ya ga alamar nasara sai ya aiko a kira ni, wai shi in ya sa yana jin jiri, yana son mai ƙarfin zuciya. Ni kuma kun san bakina. Na ce masa ni da na hau ƙahon bijimi a ƙuruciyata, gaban jama'a ana kiɗa, wane hoto ne zai firgita ni.

Ya ɗaura mini a tsakar gida, da hantsi. Da farko duhu. Can sai na gan ni a kan wani siririn katako, a ƙolin wani dutse, ƙasa kuwa ba a ganin ƙarshenta. Ban gama salati ba sai ga wani ƙaton ƙadangare mai fukafukai ya taso mini baki buɗe. Jama'a, bijimi daban, wannan daban. Na kwarma ihu, na zuba da gudu, na manta akwai waya a ƙeyata, na yi karo da turmi, na faɗa zaune cikin bahon gero da Kulu ta jiƙa za ta yi kunu. Maƙwabta suka leƙo ta katanga. Na miƙe ina tangaɗi, duniya tana juya mini, gero na zuba daga wandona.

Shi kuwa gogan naku ko kallon ƙafata da ke jini bai yi ba. Ya matso da littafinsa.

"Hoton ya tsaya, ko shina rawa?"

"Haruna, na kusa mutuwa!"

"Na ji. Amma ƙadangaren, kan nai ya hito dut, ko rabi?"

"Dut ya hito, har haƙora!"

"Alhamdu lillahi. Ya tashi!"

Yanzu ga inda abin ya daina ba mu dariya na ɗan lokaci. Manhajar nan mai tafinta, waɗanda suka ƙirƙire ta Wayin suka sa mata suna. Mu ba mu san komai a kai ba, mun ɗauka suna ne irin na Turawa. Ashe a bakinsu kalmar ɗaya take da sunan giyar inabi.

Wata Talata, kasuwa ta cika, ya zo rumfata ya zauna a kan benci yana cin balangun da bai saya ba, yana yi mini ƙorafi da muryar nan tasa ta ladanai da ba ta iya raɗa.

"Bawana, kwana ukku ina hwama da Wayin, kaina har juyawa shikai. Sabon da nis samo bai da kirki. Tsohon ya hi ƙarhi, shi za ni koma mawa."

A gefensa akwai wani ɗan tireda daga Bakura, mai bin motar shanu zuwa kudu, ya tsinci Turanci a can. Na ga ya daina tauna. Ya dubi Haruna, ya dubi rawaninsa, ya naɗe sauran namansa a takarda ya tafi ba sallama.

Kafin Alhamis magana ta zaga Bakura, wai wani ladani a Mafara yana sha. Da ta isa Maradun ta yi ƙiba, wai shi yake dafawa da kansa a cikin wata randa mai lulluɓi, da inji a gefe. Da ta dawo mana gida kuwa har da shaida, wai an ga Mamman mahauci ya fito daga gidan da rana tsaka yana layi, ya faɗa cikin gero. Ni ke nan! Ni da ko taba ban taɓa busawa ba na zama hujja a garuruwa uku.

Liman Garba mutum ne mai sanyin hali, kuma ya san Haruna tun suna makarantar allo. Amma dattawan unguwa sun matsa masa. Ya kira shi gefe bayan sallar isha'i ya ce masa shi bai yarda da zancen ba, sai dai ya ɗan huta da lasifika har a bincika. Aka ba Ɗan Jumma mai faci riƙo.

Ɗan Jumma, Allah Ya ba shi lada, niyyarsa mai kyau ce. Amma muryarsa irin ta ƙofar langa-langa ce, kuma agogonsa yana da ra'ayin kansa. Wata rana ya kira la'asar mutane ba su gama sallame nafilar azahar ba. Mata suka rikice da girki.

Haruna bai yi gardama ba, kuma wannan ne ya tsorata ni, don ban san shi da shiru ba. Ya koma sahun baya. Rannan ina shagonsa, rana ta karkata, sai na ga ya miƙe shi kaɗai, ya gyara rawani, ya yi gyaran murya, ya kai hannu zai ƙwanƙwasa abin da babu. Sai ya tuna. Ya koma ya zauna yana goge tabarau da bakin riga. Abin ya taɓa mini zuciya ƙwarai, kuma ni idan abu ya taɓa ni faɗa nake yi.

"Kai wane irin taurin kai gare ka? Na tambaya, an ce in kas sa Taga, wasannin ga da kansu suka tashi, babu ruwanka da wani Wayin. Ka sa ta mana, ka goge wanga abu, a ba ka lasihikarka!"

"In goge shi, sai su ce gaskiya ta, na ɓoye."

"Tau ka sa Tagar ko ta kwana bakwai!"

"Mamman, ban sha ba. Don mi za ni tuba ga abin da ban yi ba, kuma in tuba ta taga?"

Na tashi na bar masa shagon, har da buga ƙofa. Da yamma na aika masa da hanta, don na san bai ci komai ba.

Ran Asabar bayan la'asar Liman ya zo bincike, da dattawa biyu, Alhaji Na'ibi da Baba Maikano, wanda kunnensa ɗaya ya yi ritaya. Ni ma aka kira ni, tunda ni ne wanda aka gani yana layi. Kai tsaye suka nufi randa. Na'ibi ya yaye buhu, ya ɗaga faifai, ya cusa kai ya shinshina. Ya ɗebo a moɗa ya ɗanɗana, ya miƙa wa Maikano.

"Ruwa na," in ji Maikano. "Har da ɗan sanyi. Ƙara mani."

Suka ce a buɗe injin. Haruna ya kwance murfin tire. Babu komai sai ƙura da wata busasshiyar tsaka da ta yi shahada a kan wayoyi.

"Tau, Haruna," in ji Liman, "kai da bakinka kac ce kana da Wayin. Ina shi?"

Ya kunna na'ura, baƙin allo ya fito, ya buga sunan da haruffa huɗu na Turanci, ya nuna da yatsa. "Ga shi nan, Allah shi gafarta Malam."

Suka duƙa su uku suna kallo.

"Wanga ai rubutu na," in ji Liman.

"Rubutu na. Tahinta na, tsakanin wasa da inji. Sunan ɗai na anka sa mashi."

Na ga fuskar Liman ta saki, na ce a raina an gama. Sai Baba Maikano ya daki ƙasa da sanda.

"Ku dakata! Ai rubutu ma shan shi akai! Wa ya sani ko wankewa shikai cikin randa?"

Wallahi sai da Na'ibi ya dubi moɗar da ya sha da ita. Haruna ya ce, cikin ladabi, duk wanda ya iya wanke wannan allon da ruwa ya sha, shi ya yafe masa kwamfutar, amma ya fara yin wasiyya saboda wutar lantarki.

Saura takunkumi. Na'ibi ya ce shi ne ya bugar da Mamman, don haka sai an gwada. Kowa ya dubi ɗan'uwansa. Liman ya cire hula ya ce shi ne shugaba, shi zai sa. Na matso kusa da Haruna na ce masa a kunne, in ya kuskura ya sako wa Liman ƙadangaren nan, ni da kaina zan yanka shi. Ya ce in kwantar da hankalina. Ya zaɓo wani wasa na kamun kifi, wanda ya sha wuyar mako uku kafin ya tashi, kuma Allah Ya sa bai kai ga gogewa ba.

Aka zaunar da Liman a kan tabarma, aka ɗaura masa, aka ba shi abin riƙewa a hannu. Can sai muka ji ya ce, "Ikon Allah. Ruwa har iyakar gani." Ya wurga hannu. Ya jira. Ya fizgo. "Na kama! Na'ibi, ka ga girman shi?" Na'ibi ya ce shi bango yake gani.

Ashe Liman a ƙuruciyarsa masunci ne na gaske a bakin gulbi, ciwon gwiwa ya raba shi da ruwa shekara da shekaru. Ya kama na biyu, ya kama na uku. Na'ibi ya ce, "Malam, akwai maye?" Ya ce, "Babu maye, ka yi mani shiru, kana korar su." Inuwa ta yi tsawo, kaji suka fara shiga akurki, Kulu ta leƙo ta koma. Ɗan Jumma kuwa, wanda ya kamata a ce yana masallaci, yana bakin ƙofa yana jira, wai shi ma a ɗana masa.

Liman dai malami ne, jikinsa ya san lokaci ko da idonsa na cikin tafki. Sai muka ji ya ce, bai ma cire takunkumin ba, da muryar da ya saba faɗa shekaru aru-aru, "Haruna, rana ta hwaɗi, tashi ka kira salla."

Haruna ya dube ni, na dube shi. Ya fita ko takalmi bai tsaya nema ba. Jim kaɗan muka ji ƙwas, ƙwas, sai gyaran murya. Kulu tana bakin murhu ta sa gefen zane ta share ido, ta ce hayaƙi ne.

Sharaɗi ɗaya dattawa suka kafa, a sauya wa abin suna, don bai dace a ji kalmar a bakin ladani ba. Ya yi ta turjiya, wai ba shi ya raɗa ba, ba a sauya wa ɗan wani suna. Da Liman ya sa baki sai ya yarda. Ya yi 'yan dabarunsa a baƙin allo, daga ranar in ya buga "zoɓo" sai tafinta ya amsa. Har dabino ya raba a ƙofar masallaci, ƙwaya ɗaya ɗaya, wai na suna. Bayan haka kuma kullum sai ya yi mini mita cewa Zoɓo bai kai Wayin sauri ba, alhali shi da bakinsa ya ce abu ɗaya ne. Liman kuwa duk Asabar sai ya zo "ƙarin bincike".

Ciwon da ya ɗauke shi bai yi mako biyu ba. Na je duba shi a ranar da ta zama ta ƙarshe, ya kama hannuna, na duƙa ina jiran wasiyya mai nauyi. Ya ce, "Bawana, injin nan na bar ma Kulu. Kowa yaz zo da daɗin baki, kada a sa mashi Taga." Na ce masa ya yi kalmar shahada ya bar zancen taga. Ya yi ta, sau uku, da muryar da ta rage masa. Sannan ya ƙara da cewa, "Amma ka ji abin da nic ce."

Waɗanda suka je maƙabarta sun san abin da ya faru. Bayan an rufe shi, Liman ya ɗaga hannu yana addu'a. Ya roƙa masa gafara, ya roƙa masa sauƙin tambaya, sai ya ce, "Allah Ka buɗe mashi taga zuwa Aljanna..." Amin ɗin mutane ya maƙale a wuya. Na ga kafaɗar hedimastan Garbadu tana girgiza. Liman ya gyara, ya ce, "Ƙohwa, ya Ubangiji. Ƙohwa." Ban taɓa yin dariya da kuka a lokaci ɗaya ba sai ranar.

Yanzu wani yake kiran salla, muryarsa mai kyau, lokacinsa daidai. Amma har yau idan rana ta karkata ina rumfa, sai in tsinci kaina na dakata da wuƙa a hannu, ina jiran a ƙwanƙwasa sau biyu. Na yi kewar bawana, ba kaɗan ba.

Ya Allah, ga Haruna nan ya zo maKa. Shekaru ya yi yana kiran bayinKa zuwa ɗakinKa, ran da aka karɓe masa kiran bai yi fushi ya bar sahu ba. Ka yafe masa taurin kansa, Ka haskaka makwancinsa, Ka ba Kulu haƙuri. Ka buɗe masa ƙofa mai faɗi, ya shiga da sallama. Amin.